Su Wa Ke Bayan Shata? Tarihin Ayarin Kalangu Daga Musawa Zuwa Daura

Ranar Juma'a, 18 ga Yuni 1999, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Musawa aka yanke masa cibiya, a Funtua ya kafa gida ya tara iyali, a Kano ya cika. Amma ba a rufe shi a ko ɗaya daga cikin garuruwan nan uku ba. Daura aka nufa da shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, can aka sallace shi aka kai shi makwancinsa.

An yi rubutu mai yawa a kan mutumin da aka rufe ran nan. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ayarin da ya rako shi fiye da shekara hamsin, daga dandalin ƙauye zuwa fadar sarakuna, daga zangon Hausawa na ƙasashen maƙwabta zuwa ƙasashen Turawa. Masu gabatar da waƙoƙi a rediyo kan ce "Alhaji Mamman Shata da jama'arsa", su wuce. Jama'ar nan kuwa ba mutane ne tsayayyu ba. Makaɗa sun shigo sun fita. Wasu tsufa ya zaunar da su, wasu mutuwa ta ɗauke, wasu suka kama gabansu. Duk da haka mai sauraro a Gusau ko Damagaram bai taɓa jin cewa kiɗan ya zama na wani ba. Sai da mutum ɗaya ya kau, sannan tafiyar ta tsaya cik.

Dalilin abubuwan nan biyu ɗaya ne. Yadda aka gina ayarin shi ya sa ya jure rashin kowa, shi kuma ya sa bai jure rashin jagoransa ba. Wanda ya fahimci wannan gini zai gane abin da ya kai ɗan Musawa Daura, zai kuma gane abin da muke gab da rasawa idan ba mu yi hanzari ba.

Mawaƙin da ba ya riƙe ganga

An haifi Shata a 1923, a gidan da ba a san shi da kiɗa ba. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a tsarin Hausawa na wancan zamani roƙo sana'a ce ta gado, kuma ana ajiye masu ita a ƙasan jerin daraja. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi nazarin roƙo a ƙasar Hausa ya kuma wallafa shi a 1957, ya nuna yadda maroƙi ke ɗaukaka wasu da bakinsa alhali shi al'umma ba ta ɗaukaka shi. Shata ya fara da tallan goro da alewa, yana rera waƙa a kasuwa da dandali, musamman a wasan samari da 'yan mata da ake kira asauwara. Shi ɗan haye ne a sana'ar, ba ɗan gado ba.

Wannan ya haifar da abu biyu. Na farko, bai gaji ayari ba. Ɗan gado yana buɗe ido ya tarar da ganguna rataye a zaure, da baffanni da yayye da suka san amshi. Ɗan haye sai ya nemi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, Shata bai riƙe abin kiɗa a fage ba. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa a hannu, shi kaɗai ayari ne. In ya ga dama ya sa kuntigi a aljihun riga ya hau mota. Shata kuwa murya ce da ƙwaƙwalwa, ba ya iya tsayawa gaban jama'a sai da wasu a bayansa. Tun ranar farko yana bukatar makaɗa, kuma tun ranar farko makaɗan ba jininsa ba ne.

Abin da ya cece shi shi ne irin gangar da ya tarar a dandali. Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu, an haɗa fatunta da tsarkiya. Makaɗi na rataya ta a kafaɗa, ya matse tsarkiyar a hammata ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya sauka, har ta kwaikwayi karin maganar Hausa. A al'ada ganga ce ta mahauta, da ita kuma ake kiɗan dambe da na 'yan mata. Ke nan duk garin da ke da kasuwa yana da mahauta, duk inda kuma mahauta suke akwai mai kalangu. Kotso da taushi da jauje na fada ne, tambari na sarki ne, masu iya su ƙididdigaggu ne. Kalangu kuwa tana ko'ina. Mawaƙin da ya gina waƙarsa a kanta ya samu rumbun ma'aikata da ya mamaye ƙasar Hausa baki ɗaya.

Gini biyu: na fada da na dandali

Don a ga bambancin, sai a ajiye ayarin Shata kusa da na makaɗan fada. Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun raba waƙa zuwa gindi da ɗiya: gindi shi ne abin da ake komawa kansa, ɗiya su ne baitocin da ke ɗauke da saƙo. Tambayar ita ce, wa ke riƙe da me?

A ayarin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da na Musa Ɗanƙwairo Maradun, 'yan amshi abokan ginin ɗiya ne. Jagora na fara magana, su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, wani lokaci a yi karɓeɓeniya har mai sauraro ya kasa raba inda nasa ya ƙare da inda nasu ya fara. Irin wannan waƙa sai an zauna an shirya ta, an maimaita har ta zauna a bakin kowa. Ɗan amshi ɗaya in ya fita, ya fita da wani yanki na waƙar a kansa, kuma wanda zai maye shi sai ya shekara yana koyo. Shi ya sa irin waɗannan ayarori suka dogara ga dangi. Ɗanƙwairo kansa a bayan mahaifinsa ya fara, sannan ya yi wa yayansa Kurna amshi, kafin ya kai ga jagoranci. Akwai ma matsayin Daudun Kiɗi, wato mataimaki kuma magaji mai jiran gado. Ayari ne da aka gina domin ya zauna wuri ɗaya, kusa da sarki ɗaya, ya kuma wuce daga uba zuwa ɗa.

Shata ya raba aikin ta wata hanya dabam. Ya ba mutanensa abu biyu tsayayyu, kiɗa da gindin waƙa, ya riƙe sauran duka. Masu kalangun su ne kuma 'yan amshi. Hannu na kiɗa, baki na maimaita gajeren amshi guda, ba ƙari, ba ragi. A tsakanin amshi da amshi fili ne na jagora shi kaɗai, ya zuba abin da ya zo masa: sunan wanda ya shigo yanzu, labarin tafiyar jiya, zambo ga marowaci, habaici ga abokin hamayya. Saboda haka ne waƙa ɗaya, kamar Bakandamiya, take da zubi daban-daban a kaset daban-daban. Gindin na nan, ɗiyan na sauyawa da wuri da lokaci. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, ya yi nazarin wannan hali na mawaƙin baka mai tsara waƙa a lokacin da yake rera ta.

Kada a ɗauka aikin makaɗan ya zama mai sauƙi. Mutumin da ke bin jagoran da bai san abin da zai faɗa ba sai ya zama mai kunne: ya gane daga saukar murya cewa ɗa ya ƙare, lokacin amshi ya yi, ya riƙe nauyin kiɗa tsawon dare ba tare da ya yi gudu ko ya ja ba, ya bar wa murya fili. Babban makaɗi shi ke ja, sauran na cike masa, ƙananan ganguna irin kuntuku na riƙe da ƙashin bayan kiɗan. Gwaninta ce, amma gwaninta ce da ƙwararren mai kalangu zai iya shigowa da ita daga waje. Ba ya bukatar haddace ɗaruruwan baitoci. Yana bukatar sanin take da amshi, da sanin halin maigida.

Sai mutum na uku, wanda ba ya kiɗa, ba ya waƙa: sanƙira, ko maroƙi. Shi ke share fage, ya yi kirari, ya sanar da wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar, ya kuma raɗa wa jagora asalin baƙon da bai sani ba. A ayarin da ke kwana yau nan gobe can, wannan aiki ya fi ƙarfin ado. Sanƙira shi ne littafin adireshi da ma'ajin labarai. Ta bakinsa jagora ke sanin wane ne ɗan wane a garin da ya sauka da la'asar.

Ƙafa, jirgin ƙasa, mota, jirgin sama

Tarihin yawon ayarin ya bi tarihin hanyoyin Arewa sau da ƙafa. Zangon farko na ƙafa ne da keke: ƙauyukan kudancin Katsina, kasuwa zuwa kasuwa, biki zuwa biki. Daga Musawa Shata ya yi zaman Bakori, sannan Funtua. Zaɓen Funtua ba banza ba ne. Gari ne na auduga, yana kan layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kuma mahaɗar hanyoyin mota ce zuwa Sakkwato da Zariya da Katsina. Inda ake sayar da auduga akwai kuɗi a hannun talaka bayan kaka; inda akwai tasha akwai direbobi da 'yan kamasho da fatake, mutanen da ba su gaji sarauta ba amma suna son a ambaci sunansu. Suna cikin masu gidan Shata, su kuma suka ɗauki labarinsa zuwa gaba.

Kalandar tafiya ma ƙasa ce ta tsara ta. Da damina ana gona, Shata kansa manomi ne. Da kaka, in amfani ya shigo gida, sai bukukuwan aure da naɗin sarauta su yawaita, ayari ya kama hanya har rani. Da azumi a lafa, da Sallah a nufi fada. Makaɗin da ke cikin irin wannan ayari rabin shekara baƙo ne a gidansa.

Shekarar 1952 ce ta fitar da shi daga sahun mawaƙan yanki. A Kano aka yi babban bikin auren 'ya'yan sarauta da ake tunawa da shi da sunan Bikin 'Yan Sarki, Shata ya yi wasa a wurin, sunansa ya shiga bakin manyan birni. Daga nan fagen ya faɗaɗa: attajiran Kano irin su Alhaji Haruna Kassim, sarakuna, 'yan siyasar jamhuriya ta farko. Kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 ya ƙara ƙarfin wani abu, wato waƙa ta riga mai ita isa gari. Kafin ayari ya sauka, jama'a sun riga sun haddace amshi. Wannan ya sauƙaƙa sauyin makaɗa fiye da da, domin saurayin da ke kaɗa kalangu a wani ƙauye ya riga ya koyi taken Shata daga akwatin rediyo, tun bai taɓa ganinsa ba.

Abin da ake waƙa a kansa ma ya bi zamani. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, sai sababbin iyayen gida suka bayyana: 'yan kwangila, hafsoshin soja, manyan 'yan kasuwa irin su Alhaji Ahmadu Chanchangi. Kyauta ta tashi daga riga da doki ta koma mota da kujerar Makka.

Mota kuwa ta sauya jerin 'yan ayari. Direba ya zama ɗan ƙungiya, haka mai kula da lasifika da injin wuta. Lasifikar ta ba murya ɗaya ikon rinjayar ganguna da yawa a fili mai faɗi, ta haka aka iya ƙara makaɗa ba tare da an danne jagora ba. Tafiya ta miƙe zuwa Nijar da Gana, inda zangon Hausawa ke karɓar mawaƙin gida kamar ɗan'uwan da ya zo da labari, ta kuma kai Ingila da Amurka. A irin wannan tafiya ta nesa, kujerar jirgi da biza su ke yanke yawan mutane. Ayarin da aka gina a kan take da amshi yana iya raguwa zuwa 'yan ƙalilan ya yi wasa, ya dawo gida ya sake cika. Ayarin kotso, mai muryoyi da ke saƙe da juna, ba ya tanƙwaruwa haka.

Me ya sa Daura?

Mai yawo irin wannan yana bukatar turke. Makaɗin fada yana da shi tun asali: sarki na ba shi gida da gona da sutura, shi kuma ba ya kai waƙarsa wani wuri sai da izini. Shata bai shiga wannan ɗauri ba. Ya yi wa sarakuna da dama waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da 'yan bori da mata masu zaman kansu, ba wanda ya isa ya hana shi. Amma 'yanci na da tsadarsa. Kyautar attajiri tana bin kasuwa, ta ɗan siyasa tana bin gwamnati. Wanda ya ba da mota bana yana iya kasa ba da riga baɗi. Jagoran da ke ciyar da magidanta da dama yana bukatar gida ɗaya da ba ya rufewa.

Daura ta dace da wannan ta fuskoki da dama. Gidan sarautarta na Haɓe ne, wanda ya bar birnin bayan jihadi ya zauna a Zango, har Turawa suka maido da Malam Musa kan gadon Daura. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, shekara 55. Muhammadu Bashar ya gaje shi a 1966 ya zauna har 2007, shekara 41. Sarakuna biyu ke nan cikin kusan ƙarni guda. A tsawon sarautar Bashar, Nijeriya ta ga juyin mulki bayan juyin mulki, Daura ta tashi daga Jihar Arewa ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, aka mai da ita Jihar Kaduna, sannan aka yanke Jihar Katsina a 1987. Gwamnoni sun zo sun wuce, mai Daura na nan.

Shi kansa Bashar mutum ne na duniya biyu. Kafin ya hau gado, yana Wamban Daura, ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Sardauna a Kaduna. Ya san fada, ya kuma san sabuwar duniyar ofis da rediyo da siyasa wadda ta haifi shaharar Shata. Fadarsa na da nata makaɗan gado, masu tambari da kakaki da algaita, kowa da matsayinsa da lokacinsa. Shata bai karɓi gurbin kowa a cikinsu ba. Ya zo a matsayin baƙo mai ɗaki: ya sauka, ya yi wa ubangida waƙa, a sallame shi da jama'arsa, ya kama hanya, ya dawo. Gari ne kuma mai taro. Ban da Sallah ƙarama da babba, Daura na da Sallar Gani a watan Mauludi, wadda ke tara hakimai da mahaya da baƙi daga nesa. Ga shi kuma tana kan hanyar da ta taso daga Kano ta Kazaure, ta fita Kongolam ta nufi Damagaram. Ga ayarin da ke da masoya a ɓangarori biyu na iyaka, zango ne a tsakiyar hanya.

Abin da aka ƙulla a Daura sabon tsari ne a tarihin roƙo: ubangida ba tare da ɗauri ba. Sarki ya samu waƙoƙin da rediyo da kaset suka kai sunansa inda tambari ba ya kaiwa; mawaƙi ya samu inuwar da ba ta gushewa da sauyin gwamnati. Kabarin da ke Daura shaida ce ta cewa ɓangarorin biyu sun riƙe alkawari har ƙarshe.

Rabo da rabuwa

Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da ayarin da mutanensa ke sauyawa ba. Ƙungiyar kiɗan rok ta Rolling Stones, wadda aka kafa a Landan a 1962, ta rasa Brian Jones a 1969, Mick Taylor ya maye shi har 1974, Ronnie Wood ya shigo a 1975, Bill Wyman ya fita a 1993, mai gangarsu Charlie Watts ya mutu a 2021. Masoyansu na iya faɗa maka wanda ya kaɗa me a kowane faifai da kowace tafiya, domin an rubuta a bayan faifan, an buga a jarida, akwai kuma kwantaragi. A Legas, ƙungiyar Fela ta Africa 70 ta watse bayan wasan Balin na 1978, inda batun kuɗi ya raba su, mai ganga Tony Allen ya kama gabansa ya yi suna da kansa, Fela ya kafa Egypt 80.

A ayarin Hausa babu kwantaragi, babu albashi. Abin da aka samu a fage hannun jagora yake shiga, shi ke rabawa gwargwadon matsayi da daɗewa. Shi ke ɗaukar nauyin aure da suna da jinya, shi ke roƙa wa yaronsa alfarma wurin manya. Dangantaka ce ta maigida da bara, mai daɗi in ana samu, mai ɗaci in rabo ya zo da ƙorafi. Makaɗin da bai gamsu ba ba shi da kotun da zai kai ƙara. Abin da yake da shi shi ne kalangunsa da ƙafarsa. Tun da kuwa gurbinsa na cikuwa da wuri, ƙarfinsa a wurin ciniki kaɗan ne. Sauƙin da ya ba ayarin tsawon rai, shi ne ya rage wa kowane ɗan ayari nauyi a ma'auni.

Haka abin ya kasance wurin suna. Faya-fayai da kaset-kaset sun fito da suna ɗaya da hoto ɗaya. Lambar girma ta ƙasa ta MON da digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta bayar a 1988 sun tafi ga wanda ya cancance su, ba mai musu. Amma sautin da ke sa Bahaushe ya gane waƙar Shata tun kafin a buɗe baki, hannun wasu ne ya fitar da shi.

Bayan 1999

Da Fela ya mutu a 1997, ɗansa Seun, yana ɗan shekara 14, ya tsaya gaban Egypt 80, ƙungiyar ta ci gaba da yawon duniya, domin waƙoƙin a tsare suke, kowane mai busa ya san nasa. Da Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, 'ya'yansa sun ci gaba da kotso, domin ɗiyan waƙa na bakinsu tun yana raye. Magadan Shata sun tarar da wani hali dabam. Kiɗa na nan, amshi na nan, makaɗa na nan. Amma filin da ke tsakanin amshi da amshi, wanda shi ne waƙar, ba abin gado ba ne. Ɗansa Sanusi ya riƙe kalangu a fage yana rera waƙoƙin mahaifinsa, jama'a na jin daɗi. Sai dai abin da ake maimaitawa zubi ɗaya ne da kaset ya kama, alhali mai abin bai cika maimaita kansa ba.

Zamanin ma ya juya. Finafinan Hausa da suka taso a Kano daga 1990 sun zo da kiɗan fiyano na situdiyo, inda mutum ɗaya da na'ura ke fitar da abin da makaɗa da yawa ke yi da. Mawaƙin yau, ko da daga Jihar Katsina ya fito kamar Dauda Kahutu Rarara, a situdiyo yake gina waƙarsa, kuma sau da yawa da sautin da aka riga aka naɗa ake hawa dandamali. Jerin 'yan ayari ya zama mai haɗa sauti, da 'yan amshi, da mai ɗaukar hoto. Kalangu ba ta mutu ba, tana nan a dambe da bukukuwa, amma babbar makarantar da ta ɗauke ta daga rumfar mahauta ta kai ta gaban sarakuna ta rufe.

Abin da ya rage shi ne aikin tarihi, kuma lokacinsa ƙayyadadde ne. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun aza harsashi da littafin Shata Ikon Allah a 2006, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ya ƙara da nasa binciken. Mataki na gaba shi ne a juya kyamara daga tsakiyar fage zuwa bayansa: a ɗauki kowane faifai da kowane bidiyo da ke ajiye a Rediyon Kaduna da gidajen talabijin, a zauna da waɗanda suka rage daga cikin makaɗa da sanƙirori da direbobi, da 'ya'yan waɗanda suka rasu, a rubuta wa ya ja kiɗa, wa ya cike, a wane gari, a wace shekara. Jami'o'in da ke Katsina da Dutsin-ma da Kano na da ɗaliban da za su iya wannan, fadar Daura kuma na da dattawan da suka ga saukar ayarin shekara da shekaru. Saurayin da ya shiga ayarin yana ɗan shekara 20 a 1970 ya haura saba'in yanzu. Duk ɗayansu da ya kwanta dama ba a zauna da shi ba, ya tafi da sunayen waɗanda suka tsaya kusa da shi.